Zumunta a Ƙafa Take: Yadda Jar Ɓauna ke Sajewa da Baƙa a Nahiyar Afirka

Gabatarwa

Idan aka ɗauko ɓauna guda daga kurmin Kuros Riba, aka ɗauko wata daga gandun dajin Kuruga na Afirka ta Kudu, aka tsayar da su wuri ɗaya, da wuya a sami wanda zai yarda cewa dabba ɗaya ce. Ta kurmi ja ce, gajera, nauyinta bai cika wuce kilo 300 ba, ƙahoninta kuma gajeru ne, sun kwanta baya. Ta kudu kuwa baƙa ce wuluk, bijiminta yakan kai kilo 800, ƙahoninsa sun haɗe a goshi kamar kwalkwali, sa'an nan suka sauko suka lanƙwasa sama. Duk da wannan bambanci, mafi yawan masana ilimin dabbobi jinsi ɗaya suka ɗauke su. Hujjarsu tana cikin garkunan da ke zaune a tsakanin waɗannan biyu.

Matafiyin da zai bi ƙasa daga kurmi zuwa sarari, yana duban ɓauna garke bayan garke, ba zai iso wani kogi ko dutse da zai ce a nan ja ta ƙare, a nan baƙa ta fara ba. Abin da zai gani shi ne jiki yana ƙara girma kaɗan-kaɗan, launi yana ƙara duhu, ƙaho yana ƙara buɗewa. Wannan sajewa ta sannu a hankali ita ce abin da wannan maƙala za ta duba, wato yadda take, da abin da ke haddasa ta, da kuma abin da za a rasa idan ta yanke.

Jinsi da Reshen Jinsi

Kafin a yi nisa, ya kamata a bambance kalmomi biyu. A ilimin dabbobi, jinsi shi ne tarin dabbobin da ke barbara a tsakaninsu su haifi 'ya'ya, 'ya'yan su ma su haihu. Wannan ma'ana ta shahara ne ta hannun masanin nan Ernst Mayr a shekarar 1942. Alal misali, doki da jaki jinsi biyu ne, domin ko da yake jaki yakan barbari goɗiya ta haifi alfadari, shi alfadarin ba ya haihuwa, sai dai a wani yanayi da ba kasafai ake gani ba. Ke nan a kansa zuriyar ta tsaya.

Shi kuwa reshen jinsi, wanda wasu ke kira ƙaramin jinsi, ɓangare ne na jinsi guda da ke zaune a wani yanki na musamman, yana da kamannin da suka bambanta shi da 'yan'uwansa na wasu yankuna, amma duk inda suka haɗu suna barbara ba tare da wata matsala ba. Tun daga littafin Linnaeus na 1758 ake ba kowane jinsin dabba suna mai kalmomi biyu cikin Latinanci. Daga baya masana suka ƙara kalma ta uku domin nuna reshe. Saboda haka sunan ɓaunar Afirka baki ɗaya shi ne Syncerus caffer, ta kurmi kuma Syncerus caffer nanus.

Mai jin Hausa ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin yana da misalinsa a bakinsa. Bakano yakan ce biyar, a wasu sassan ƙasar Katsina a ce biyal, Basakkwace kuma ya ce biyat. Kananci da Sakkwatanci sun bambanta sarai, amma wanda ya bi hanya daga Kano zuwa Sakkwato, gari bayan gari, ba zai tarar da ƙauyen da aka daina wannan aka fara wancan dare ɗaya ba. Kowane gari yana magana kusa da ta maƙwabcinsa, saboda suna cin kasuwa ɗaya, suna auratayya. Haka abin yake ga rassan jinsi. A 1938 masanin Ingila Julian Huxley ya ƙirƙiro wa irin wannan sauyi suna daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar karkata, abin da za a iya kira gangare da Hausa, tun da ba a sauka daga wannan siffa zuwa waccan da tsalle, sai dai a gangara.

Rassan Ɓauna Huɗu

Turawan da suka fara rubuta bayanin ɓauna ƙarshe biyu na gangaren suka fara cin karo da su. A 1779 Anders Sparrman, mutumin Suwidin, ya bayyana baƙar ɓauna ta kudancin Afirka. A 1785 Pieter Boddaert ya bayyana ta kurmi, ya sa mata nanus, wato wada. A 1837 John Edward Gray na gidan tarihin Birtaniya ya bayyana ta sararin Afirka ta Yamma, ya kira ta brachyceros, ma'ana mai gajeren ƙaho. A 1866 kuma Edward Blyth ya ƙara ta huɗu, aequinoctialis, wadda ke zaune a sararin tsakiyar Afirka.

Bayan waɗannan, sai sunaye suka yi ta kwarara. A zamanin mulkin mallaka maharba da jami'an Turawa sun riƙa aika ƙahoni da fatu zuwa gidajen tarihi na Turai, kuma kusan duk kan da ya zo da wata siffa daban sai a ba shi sabon suna, har aka tara sunaye gommai. Masanan ba ƙarya suka yi ba, bambancin da suka gani yana nan. Kuskuren shi ne sun ga kai ɗaya daga nan, ɗaya daga can, ba su ga abin da ke tsakani ba. Da samfura suka yi yawa, aka jera su bisa taswira, sai aka ga giɓin da ke tsakanin sunayen yana cikewa, aka soke mafi yawansu. A yau galibin littattafai rassa huɗun nan suke ambata, wasu kuma su ƙara na biyar, mathewsi, na duwatsun da ke kan iyakar Kwango da Ruwanda da Yuganda.

Ɓaunar kurmi tana zaune daga kurmin Afirka ta Yamma zuwa kwarin kogin Kwango. Tsayinta a kafaɗa daga mita 1 ne zuwa 1.3, ƙahonta bai cika wuce santimita 40 ba, kunnuwanta kuma suna da gezar gashi mai tsawo. Garkenta ƙarami ne, da wuya ya haura 30. Ko da yake ana kiran ta ta kurmi, ciyawa ce abincinta, saboda haka ta fi zama a farfajiyoyin da ke cikin kurmin, da bakin koguna, da gefen da kurmi ya haɗu da sarari. Wannan hali nata shi ke kai ta inda za ta sadu da 'yar'uwarta ta sarari.

Ɓaunar sararin Afirka ta Yamma ita ce wadda Bahaushe ya sani. Ita ce ta Yankari a jihar Bauchi, da gandun dajin W a kudu maso yammacin Nijar, da Mole a Gana, da Benuwe a arewacin Kamaru. Ta fi ta kurmi girma, ƙahonta ya fi buɗewa, amma gindinsa bai haɗe ya yi kwalkwali sosai ba. Abin da ya fi jan hankali game da ita shi ne launi. A cikin garke ɗaya akan ga ja, a ga mai ruwan ƙasa, a ga baƙa, kuma sau da yawa tsofaffin bijimai su ne suka fi duhu. Idan aka nausa gabas zuwa Zakuma a ƙasar Chadi da kuma Sudan ta Kudu, sai a tarar da reshe na uku, wanda ya ƙara girma, ya ƙara duhu, ƙahonsa ya fara kama da na kudu. Daga gabashin Afirka zuwa kudu kuma sai babbar baƙar ɓauna, mai tsayin mita 1.4 zuwa 1.7, wadda faɗin ƙahonta kan haura mita guda, garkenta kuma ya kai ɗaruruwa, wani lokaci fiye da dubu.

Abin da ke Haddasa Sajewa

Abubuwa uku ne suka haɗu suka haifar da wannan gangare. Na farko shi ne yanayin ƙasa, wanda shi kansa a hankali yake sauyawa. A yankin Kalaba ruwan sama yakan haura milimita 2,500 a shekara, a yankin Nguru kuwa kimanin 500 ne ko ƙasa da haka, kuma tsakaninsu raguwa yake yi mataki-mataki. Kurmi yakan tsattsage ya koma kurmi da fili a cakuɗe, daga nan daji mai doguwar ciyawa, daga nan mai gajera. Masana suna ganin ƙaramin jiki da ƙahon da ya kwanta baya sun fi dacewa da kutsawa cikin sarƙaƙiya, yayin da babban jiki da babban garke suka fi amfani a fili, inda ciyawa ke da yawa, zaki kuma yana kusa. A kowane wuri, dabbar da siffarta ta fi dacewa ita ta fi rayuwa ta bar zuriya. Tun da wurin a hankali yake sauyawa, siffar da ta dace ita ma a hankali take sauyawa.

Na biyu shi ne yadda ake gadon siffofi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in ji masu iya magana, kuma abin da ke ɗauke da wannan gado shi ne ƙwayoyin gado da ke cikin kowace ƙwayar halittar jiki, rabi daga uwa, rabi daga uba. Siffofi irin su girman jiki ba ƙwayar gado ɗaya ke tafiyar da su ba, ƙwayoyi ne masu yawa, kowace tana ƙara ɗan abu ko ta rage. Saboda haka idan babban bijimi ya barbari ƙaramar ɓauna, ɗan yakan fito tsaka-tsaki. Idan shi kuma ya girma ya barbari wata daga dangin uwarsa, 'ya'yansa sukan karkata zuwa ƙanƙanta. Da haka ake samun kowane mataki tsakanin babba da ƙarami.

Na uku shi ne tafiya. Babu ɓaunar da ke tashi daga Kuros Riba ta kai Yuganda. Amma dabbobi, musamman bijimai, sukan bar garken da aka haife su su shiga na maƙwabta. Ɗan da aka haifa a can shi ma ya matsa gaba, jikan ya ƙara matsawa. Kamar goro ne da ke fitowa daga kurmi, yana sauya hannu daga wannan kasuwa zuwa waccan har ya isa garin da mai gonar bai taɓa jin sunansa ba. Haka ƙwayoyin gado ke ratsa dubban kilomita cikin zuriya masu yawa. Wannan kai-komo shi ke riƙe da jinsi ya zama ɗaya. Yanayin ƙasa yana jan kowane yanki zuwa tasa siffar, tafiya kuma tana sake cakuɗa su, gangaren da ake gani kuwa shi ne inda waɗannan biyu suka daidaita. Lalle zumunta a ƙafa take.

Kama da Wane ba ta Wane

Masana sun bambance sajewa iri biyu. Akwai wadda ke faruwa a cikin al'ummar dabbobin da ba ta taɓa rabuwa ba, yanayi ne kawai ya karkata sassanta. Akwai kuma wadda ke faruwa idan al'umma ta rabu gida biyu na dubban shekaru, kowane gida ya bi tasa hanya, daga baya shingen ya kau suka sake haɗuwa. Ido kaɗai ba ya iya bambance waɗannan biyu, sai an binciki ƙwayoyin gado.

Tarihin Afirka cike yake da irin wannan rabuwa da haɗuwa. Kimanin shekaru 20,000 da suka wuce duniya ta yi sanyi, Afirka ta bushe, kurmi ya tsuke ya koma tsibirai, yashin Sahara kuma ya gangaro kudu, har yau ana ganin tsofaffin tuddansa a ƙasar Kano da Jigawa da Borno. Kimanin shekaru 7,000 da suka wuce kuwa damina ta yi ƙarfi, Tafkin Chadi ya cika har gaɓarsa ta kai inda Maiduguri da Bama suke a yau. An yi irin wannan juyi sau da dama, kuma kowane juyi yakan raba wasu garkuna ya haɗa wasu.

A 2013 Nathalie Smitz ta Jami'ar Liyej da ke Beljiyam, tare da abokan aikinta, suka wallafa binciken da suka yi a kan sinadarin gado na DNA daga ɓaunar sassa daban-daban na nahiyar. Sun gano cewa ɓaunar Afirka manyan zuriya biyu ce, waɗanda suka rabu tsakanin shekaru 145,000 zuwa 449,000 da suka wuce. Zuriya ɗaya ita ce baƙar ɓauna ta gabas da kudu. Ɗayar kuwa ta haɗa ta kurmi da rassan sarari biyu na yamma da tsakiyar Afirka. Ma'ana, ɓaunar Yankari, duk da cewa a fili take kiwo kamar ta Kuruga, jininta ya fi kusa da na 'yar ƙaramar ja ta Kuros Riba. Bisa ga wannan, nau'o'in sajewa biyun duka suna nan a jikin ɓauna. Daga kurmi zuwa sararin yamma gida ɗaya ne da yanayi ya karkata. A yammacin Yuganda da gabashin Kwango kuma gidaje biyu ne da suka daɗe da rabuwa suka sake haɗuwa, shi ya sa a gandun dajin Sarauniya Elizabet na Yuganda ake ganin jajayen ɓauna a tsakiyar baƙaƙe.

Akwai wani abin lura kuma. Ƙwayoyin gado a jere suke a kan wasu zarurruka da ake kira kuromosom. Doki yana da 64, jaki 62, alfadari 63. Baƙar ɓauna tana da 52, ta kurmi 54, 'ya'yan da suka haifa tare kuma 53. Da lissafi kaɗai za a bi, da sai a ce su ma makomar alfadari za su samu, amma suna haihuwa. Dalili shi ne, a jikin baƙar ɓauna wasu zarurruka biyu ne suka manne suka zama ɗaya, kayan da ke kansu ba su sauya ba. Na doki da na jaki kuwa tsarinsu ya sha bamban a wurare da yawa, har ba sa iya jeruwa daidai sa'ad da jikin alfadari zai samar da maniyyi ko ƙwai.

Duk da haka mahawara ba ta ƙare ba. A 2011 Colin Groves da Peter Grubb sun wallafa littafi inda suka raba ɓaunar Afirka jinsi huɗu, amma masana da yawa ba su bi su ba. Saɓanin ya taso ne daga wahalar da ke cikin yanka abu mai gangare gida-gida.

Gangare Mai Faɗi da Mai Tsukuku

Ba kowace sajewa ce ke da faɗi kamar ta ɓauna ba. A nahiyar Turai akwai hankaki iri biyu, na yamma baƙi ne gaba ɗaya, na gabas da arewa kuma jikinsa toka-toka ne, kai da fukafukai baƙaƙe. Wasu masana rassa biyu suke ɗaukarsu, wasu jinsi biyu. Suna haɗuwa a wani siririn zirin ƙasa da ya ratsa Sikotilan, da kwarin kogin Elbe a Jamus, da arewacin Italiya, inda ake samun masu launi tsaka-tsaki. Wani bincike na Jami'ar Upsala ta Suwidin a 2014 ya nuna cewa ƙwayoyin gadonsu kusan ɗaya ne, ban da wani ɗan yanki da ya shafi launin gashi. Abin da ya hana zirin faɗaɗa shi ne kowane hankaka ya fi son mai launinsa. Ke nan idan dabbobi suna zaɓen nasu, ko kuma ruwa-biyun ba sa rayuwa sosai, gangaren yakan yi tsukuku. Idan babu ɗaya daga ciki, yakan bazu.

Akwai kuma inda gangare ke yin tsawo har ƙarshensa biyu su daina sanin juna. Wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai ruwan ganye, Phylloscopus trochiloides, yana zaune kewaye da tudun Tibet a Asiya. Daga duwatsun Himalaya a kudu ya bazu arewa ta hannu biyu, ta yamma da ta gabas, kowane reshe yana sajewa da na kusa da shi, kukansa yana ƙara tsawo da sarƙaƙiya. A tsakiyar Saberiya hannayen biyu suka sake haɗuwa, amma kamar yadda Darren Irwin da abokan aikinsa suka nuna a 2001, kukansu ya riga ya bambanta har ba sa amsa wa juna. Binciken da ya biyo baya a 2014 ya nuna cewa zoben yana da 'yan tsage-tsage, kuma akan sami barbara jefi-jefi a Saberiya. Duk da haka misalin ya nuna yadda ƙananan bambance-bambance ke taruwa har su kusa zama katanga tsakanin jinsi da jinsi.

Misali Daga Garken Gida

Makiyayi ya san wannan al'amari tun kafin a rubuta shi. Shanun Afirka ta Yamma asali biyu ne, masu tozo da marasa tozo. A arewa masu tozo suka fi yawa, irin su Bunaji da Rahaji da Gudali, masu jure zafi da doguwar tafiya. A kudu akwai Muturu, gajera marar tozo, wadda ke jure sammore, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa. A tsakani, wajen ƙasar Borgu, akwai Keteku, wadda ta fito daga cakuɗuwar Muturu da Bunaji, mai matsakaicin jiki da ɗan ƙaramin tozo. Binciken ƙwayoyin gado ya tabbatar da cewa jinin masu tozo yana raguwa a hankali daga arewa zuwa kudu. Bambancin wannan da na ɓauna shi ne hannun ɗan'adam ne ke kora shi, kuma yakan yi sauri fiye da kima. Yayin da ake sare daji, shanun arewa suna ƙara nausawa kudu, tsantsar Muturu tana ƙaranci, haka ma Kuri mai manyan ƙahoni ta Tafkin Chadi tana narkewa cikin masu tozo. Sajewar da ta zo da gaggawa takan haɗiye ƙaramin reshe, tare da baiwar da yake ɗauke da ita.

Idan Gada ta Karye

Matsalar ɓauna kishiyar wannan ce. Gangaren da aka bayyana a sama ya ginu ne a zamanin da daji yake a haɗe daga bakin teku zuwa Sahel. Annobar bushiya da ta shigo ta tashar Masawa a Iritiriya a 1887 ta ratsa nahiyar cikin shekaru goma, ta hallaka shanu da ɓauna ba adadi. Ta sake ɓarkewa a Nijeriya a 1983, kafin a bayyana kawar da ita daga duniya a 2011. Bayan cuta kuma ga noma da ke cinye daji, ga farauta ba bisa ƙa'ida ba, ga gasar kiwo da ruwa. A 2019 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sanya ɓaunar Afirka cikin jerin dabbobin da suka kusa shiga haɗari.

A Afirka ta Yamma abin da ya rage tsibirai ne. Yankari, wadda aka keɓe a 1956, faɗinta murabba'in kilomita 2,244 ne, kuma gonaki da garuruwa sun kewaye ta. Bijimin da ya fita daga cikinta ba shi da garken maƙwabta da zai shiga. Wannan ne ya sa wurare irin su Gashaka Gumti, a jihohin Taraba da Adamawa, suke da daraja ta musamman, domin a can kurmi da sarari suna cuɗanya, ga shi kuma dajin ya jingina da na Kamaru.

Ƙaramin garken da aka killace dole ya riƙa barbara tsakanin dangi na kusa, kuma an ga sakamakon haka a wata dabba. Fuma wata dabba ce ta nahiyar Amurka, dangin damisa. A farkon shekarun 1990 waɗanda suka rage a jihar Fulorida ba su wuce 20 zuwa 30 ba, an yanke su daga 'yan'uwansu na yamma da a da suke sajewa da su. Sai ga lanƙwasasshen wutsiya, da ciwon zuciya, da raunin maniyyi sun yawaita a cikinsu. A 1995 aka kawo mata takwas daga Tekzas, waɗanda a lokacin ake lissafa su a wani reshe daban. Cikin shekaru goma sha biyar yawansu ya ninka kusan sau uku, lahanin kuma ya ragu. Darasin da ke nan shi ne, dabbobin tsaka-tsaki, waɗanda a da ake raina su a matsayin ruwa-biyu marasa asali, su ne gadar da jinsi ke bi ya sabunta jininsa. Haka kuma duk mai niyyar mayar da ɓauna wani daji a Nijeriya ko Nijar ya kamata ya nemo ta daga zuriyar yamma, ba daga kudancin Afirka ba.

Gwaji a Cikin Aji

Malami zai iya nuna wa ɗalibai wannan da kayan da ke kasuwa. A jera kofuna goma. A zuba jan wake ƙwaya 100 a kowane ɗaya daga biyar na hagu, farin wake 100 a kowane ɗaya daga biyar na dama. A kowane zagaye, kowane kofi ya yi musayar ƙwaya 20 da kowane maƙwabcinsa, ba tare da an duba launi ba, sa'an nan a girgiza. Bayan zagayen farko kofi na biyar zai kasance da ja 80 da fari 20. Bayan zagaye goma ɗalibai su ƙirga, su zana jadawali, za su ga gangare ya fito. Daga nan a sake gwajin, amma a riƙa cire rabin baƙin launi daga kowane kofi bayan kowane zagaye, a cike gurbin da launin asali. Gangaren zai tsuke, kamar na hankakin Turai. A ƙarshe a ɗauke kofuna biyu na tsakiya, a tambayi ɗalibai abin da zai faru da musayar.

Kammalawa

Sunayen rassa da ke cikin littattafai suna da amfani, domin da su ake koyarwa, da su ake rubuta dokokin kare namun daji. Amma ya kamata ɗalibi ya riƙa tuna cewa mutum ne ya ja layin da ke kan taswira, ita ɓauna ba ta san da shi ba. Jar ɓaunar Kuros Riba da baƙar ɓaunar Kuruga sun zama jinsi ɗaya ne saboda garkunan Gashaka da Yankari da Zakuma da Yuganda da ke tsakaninsu, da kuma dajin da ya ba su hanyar isa ga juna. Saboda haka kare gandun daji guda bai wadatar ba, sai an bar hanyoyin da ke haɗa shi da na kusa. Wannan aiki yana buƙatar masu ƙirga dabbobi, da masu binciken ƙwayoyin gado, da likitocin dabbobi, da masu iya sasanta manomi da makiyayi da ma'aikacin gandun daji, kuma daga cikin ɗaliban da ke sakandare a yau za a samo su.